Tambayi Kawu: Ta Ina Zan Gano Ƙananan Mashaya Masu Giya Mai Kyau a Babban Birni?

Wannan makon wasiƙu huɗu ne suka taru a kan magana ɗaya, shi yasa na haɗa su wuri guda. Nasan da yawa cikin masu bin filin nan basa shan giya, wasu ko warinta basa son ji, to ku yi haƙuri, wanda ya tambaya sai an bashi amsa, kuma ta ukun ma daga wadda bata sha ta fito.

TAMBAYA TA FARKO

Kawu barka da aiki. Aikina na yawo ne, wata biyu ina wannan birni wata uku ina wancan, kuma ni mutum ne mai son giyar nan ta ƙananan masu dafawa wadda ake ce ma kiraf, ba ta manyan kamfanonin da ake ta talla a talabijin ba. Matsalata duk garin da na sauka in na duba waya wuraren nan guda biyar dai take ta nuna min, in naje in tarar da cunkoso da kiɗa kamar kunne zai fashe, giyar kuma ba wani abin a zo a gani ba. Nasan akwai ƙananan wurare da 'yan gari ke zuwa amma ta ina zan fara? Ɗanka, Matafiyi.

Ɗana Matafiyi, barka kadai. Kuskurenka ɗaya ne kuma kusan kowa yana yinsa, kana neman mashaya ne kai tsaye. Ka bar mashaya tukuna, ka nemi inda ake dafa giyar. Duk birnin da ke da harkar nan zaka samu ƙananan masu dafawa, kuma yawancinsu suna da ɗan ɗakin sha a jikin masana'antar, benci biyu uku da famfuna a bango, ga manyan tukwanen ƙarfe can kana hango su. Ka je can da yamma kafin mutane su cika, ka sayi ƙaramin kofi, sai ka tambayi wanda ya zuba maka tambaya ɗaya tak: in ka tashi aiki kai ina kake zuwa sha? Kar ka ce masa ina ne mafi kyau a garin nan, domin wannan tambayar 'yan yawon buɗe ido ce kuma yana da amsarta a aljihu, zai tura ka ne ɗaya daga cikin biyar ɗin nan naka. Amma inda shi kansa yake kashe kuɗinsa bazai maka ƙarya ba. Da ɗan gari akan ci gari ai. Sannan mai dafawa yasan waɗanne mashaya ne ke karɓar duronsa su shanye cikin kwana huɗu, yasan kuma waɗanda ke barinsa wata guda a wuri mai zafi, tunda sunansa ne ke lalacewa in giyar ta lalace, don haka yafi kowa sa ido.

In baka samu masana'anta ba to shagon da ke sayar da kwalabe da gwangwanaye na ƙananan kamfanoni shi ne na biyu, mai shagon yawanci duk masu harkar garin abokansa ne.

Yanzu maganar unguwa. Dalilin da yasa waya bata nuna maka wuraren nan ba wani sirri bane, haya ce. Tsakiyar birni haya tana da tsada, mai wuri dole ya sayar da abin da ke tafiya da sauri ga mutane da yawa, shi kuma mai ƙaramin wuri da ya damu da abin da ke cikin kofi sai ya koma gefe, tsofaffin unguwannin masana'antu, bayan tashar jirgi, ɗakin ƙasa, ko hawa na biyu da ko allon suna babu. Dubi Landan, a unguwar Bermondsey ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ne ƙananan masu dafawa suka jeru, kamfanin The Kernel ya fara a yankin tun 2009 wasu suka biyo baya, har wurin ya zama abin da ake zuwa takanas ranar Asabar. A Kopenhegan mashayar Mikkeller ta farko a 2010 a ɗan ɗakin ƙasa ta buɗe a unguwar Vesterbro. A Ingila kuma akwai wani salo da ya faro a 2005 a ƙauyen Herne da ke yankin Kent, wani mutum mai suna Martyn Hillier ya mayar da tsohon shagon mahauta ya zama mashaya mai ɗaki ɗaya, ba kiɗa ba talabijin, sai giya da hira, daga nan irinsu suka bazu a ƙasar. Irin wannan wurin in kana tafiya da sauri zaka wuce shi ka ɗauka shagon tela ne. To kaga kenan in ka buɗe taswira ka ja ta gefe, tasha uku ko huɗu daga tsakiyar gari, can zaka fara dubawa.

Ban ce ka jefar da wayar ba fa, amfani da ita ne baka iya ba. A Google Maps kar ka rubuta mashaya kawai, ka rubuta sunan wani nau'in giya da ba kowa ke sayarwa ba ko sunan wani ƙaramin kamfani na garin, sai ta fito maka da wuraren da mutane suka ambaci sunan a sharhinsu. Kuma ka daina kallon yawan taurari. Wuri mai sharhi dubu takwas wurin baƙi ne, mai sharhi ɗari biyu da mutane ke ta gardama a kan wace giya aka sa a famfo makon jiya shi kake nema. Ka jera sharhin daga sabo zuwa tsoho, ka duba hotuna, musamman hoton allon da ake rubuta giyar ranar, in hoton watan jiya da na wannan watan abu ɗaya ne a rubuce to wurin barci yake. Akwai kuma manhajar Untappd da ta fito tun 2010, mutane na rubuta abin da suke sha da inda suke sha, amfaninta a wurinka ba makin da suke bayarwa bane, makin nan ni bana ɗaukarsa da muhimmanci don masu amfani da ita sun fi karkata ga giya mai ƙarfi da zaƙi, amfaninta shi ne kaga me aka zuba a wuri kaza jiya da daddare. In kana Birtaniya kuwa aiki ya zo da sauƙi, ƙungiyar CAMRA, ta masu son giyar gargajiyar ƙasar, da aka kafa a 1971 tana fitar da littafin Good Beer Guide duk shekara, 'yan ƙungiyar ne ke zaɓen wuraren da kansu, ba biya ake yi a shiga ba.

Sai babbar maganar da nake so ka riƙe, ko ka manta sauran. Yawan famfo ba shi ne kyau ba. Mutane na shiga wuri suga famfo hamsin a jere su ce kai, yau mun zo gida, alhali lissafin mai sauƙi ne, in mutum talatin ne ke shigowa a dare kuma famfo hamsin ne, to wasu durorin sun fi wata a buɗe, ba wanda ya taɓa su. Na taɓa shiga irin wannan wuri, bango guda duk famfuna kamar shagon masu gyaran ruwa, na nemi uku daban-daban a ɗanɗana min, biyu sun tsufa ɗaya kuma ta ƙare tun shekaranjiya ba a goge ta daga allo ba. Washegari wani direban da ke kai duro ya kwatanta min wani ɗan wuri mai famfo takwas, mai wurin da kansa ke tsaye, ko wacce na nuna sai ya faɗa min ranar da aka kawo ta. Takwas zuwa goma sha biyu da ke juyawa sun fi hamsin da ke zaune. Eh akwai wuraren da yawan ma shi ne sunansu, kamar Delirium Café a Burasels da ya shiga kundin Guinness a 2004 da nau'in giya 2,004, amma wannan yawanci kwalabe ne, kwalba kuma tana jira ba kamar buɗaɗɗen duro ba, sannan shi wannan kowa ya san shi, ba irinsa ka tambaye ni ba.

In ka shiga sabon wuri ka tsaya minti biyu kafin ka yi oda. Allon da alli aka rubuta shi ko buga shi aka yi tun bara? An rubuta sunan kamfani da nau'i da ƙarfin ko wacce? Akwai bambanci a jerin ko duk IPA ce, wato nau'in giya mai ɗaci da ƙamshi sosai, guda goma? Wurin da ya san abin da yake yi zaka ga ya ajiye laga mai sauƙi, wato irin giyar yau da kullum mai haske, guda, baƙa guda, mai tsami guda, mai ɗaci biyu ko uku. Ni laga ɗin nake fara nema, domin ita bata da inda zata ɓoye aibi, in ta fito tsaf to sauran ma da wuya su baka kunya. Ka nemi a ɗan ɗiga maka ka ɗanɗana, wuraren kirki basa jin haushin wannan, amma kai ma kar ka ɗanɗana shida ka sayi ɗaya. Kuma ka je Talata ko Laraba, ranar ne mai wuri ke da lokacin hira, daga bakinsa zaka samu sunan wuri na gaba, haka zaka yi ta bi har ka haɗa naka jerin da ba ya cikin waya.

Abu ɗaya na roƙe ka, in ka samu wurin kar ka ɗauki hoton kowa da kowa ka watsa, mutanen da ke zaune a can sun gudo ne daga abin da kai ma ka gudo.

TAMBAYA TA BIYU

Kawu ni tambayata, sau biyu ina sayen giya mai tsada a wuraren da ake yabo amma ɗaya naji kamar ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali, ɗayar kuma kamar an narka man shanu a ciki ga ɗan tsami. Abokina yace haka kiraf take sai na saba. Gaskiya ne ko dai an cuce ni? Naka, Mai Shakka.

Mai Shakka, abokinka bai sani ba ne, harshenka lafiyarsa ƙalau. Abu biyun da ka kwatanta duk sanannun aibi ne kuma kowanne da dalilinsa.

Ɗanɗanon kwali tsufa ne. Iska ta shiga giyar ko ta daɗe a wuri mai ɗumi, sai ƙamshin ya mutu ya bar maka wannan. Giyar da aka cika mata furen hof, wato ganyen nan da ke bata ɗaci da ƙamshi, irin su IPA, ita tafi saurin mutuwa, masu dafawa da yawa na cewa a sha ta cikin kamar wata uku daga ranar da aka zuba ta kuma a firij zata zauna duk tsawon lokacin. Shi yasa in gwangwani ne ka juya gindinsa ka duba kwanan wata, in babu kwanan wata sam ko kaga an jera su a kanta ƙarƙashin fitila ba a firij ba, ajiye musu kayansu. Ga kuma abin da mutane basu sani ba, da yawa cikin ƙananan kamfanoni basa dafa giyarsu karo na biyu don kashe ƙwayoyin cikinta kamar yadda manya ke yi, don haka bata jure zafi da doguwar tafiya. Wadda aka yi a garin da kake ta kwana goma tafi shahararriyar da ta ƙetare teku ta wata bakwai, ko da kuwa sunan ta biyun yafi girma.

Na man shanu da tsamin nan kuwa yawanci ƙazantar tiyo ce. Tsakanin duro da famfo akwai tiyo, wani lokaci mai tsawo sosai in duron na ɗakin ƙasa, kuma yis da ƙwayoyin cuta na taruwa a cikinsa. Ƙungiyar masu dafawa ta Amurka, Brewers Association, shawararta a wanke tiyon nan duk mako biyu. Wanki na cin lokaci kuma ana asarar giyar da ke cikin tiyon, to mai son kuɗi sai ya riƙa tsallakewa. Wani lokaci laifin daga masana'anta ne, an yi gaggawar fitar da giyar kafin yis ya gama aikinsa, amma in ka ɗanɗana biyu uku a wuri guda duk da wannan ɗanɗanon to ba sai an faɗa maka ba. Wasu wuraren har rubuta ranar wankin ƙarshe suke a allo, in kaga haka ka zauna da kyau. In basu rubuta ba tambaya ba laifi bane, yadda aka amsa maka ma amsa ce.

Akwai na uku da baka ambata ba amma zaka haɗu da shi, wani wari mai kama da na tunku. Haske ne ke jawo shi, in rana ko fitila mai ƙarfi ta bugi giya sai sinadarin hof ya canza, kuma cikin mintuna yake faruwa, ko kofinka ka bari a rana zaka ji. Kwalba mai ruwan ƙasa tafi kore da fara kariya, gwangwani kuma yafi su duka tunda haske baya ratsa shi, saboda haka masu raina giyar gwangwani su sake tunani.

Kofin ma ka kalle shi. In kaga ƙananan kumfa sun manne a jikin gilashin daga ciki to bai wanku ba, akwai maiƙo ko sabulu. Wanda ya wanku kumfar na tsayawa a sama kuma tana barin zane-zane a jiki duk kurɓar da kayi. Kofin da aka ciro daga firiza yana hayaƙi kuwa kyan gani ne kawai, sanyin na kashe ɗanɗano.

To amma kar ka tafi da maganata ka je kana faɗa da mutane, akwai inda abokinka ke da ɗan gaskiya. Wasu giyar da gangan ake yinsu da tsami. A Beljiyam akwai lambik, wadda ba a zuba mata yis, ana barinta ne a buɗe cikin dare a lokacin sanyi yis ɗin da ke cikin iska ya sauka da kansa, sannan ta shekara ɗaya zuwa uku a gangar katako, gidan Cantillon a Burasels tun 1900 suke wannan aikin. In ka mayar da ita kace ta lalace dariya za a yi maka. Haka Orval, giyar wani gidan sufayen Kirista a Beljiyam, mutane na ajiye ta da gangan ta tsufa don ɗanɗanonta na sauyawa. Sannan giyar gargajiyar Ingila da ake jawowa da famfon hannu ba a shanta da sanyi ƙarara, tsakanin digiri 11 zuwa 13 ake ajiye ta kuma bata da iska sosai, baƙo sai ya ɗauka ta kwana, alhali haka take, sai dai ita in an buɗe gangar kwana uku ne zuwa huɗu ta gama yayi. Don haka ƙa'idar ita ce, in an rubuta mai tsami ce to tsami daidai ne, in laga ce ko IPA kaji tsami ka mayar cikin ladabi tun kurɓa ta farko ko ta biyu, ba sai ka sha rabi ba.

TAMBAYA TA UKU

Kawu ina wuni. Ni bana shan giya ko kaɗan, amma abokan aikina duk ranar da muka gama wani babban aiki irin wuraren nan suke zuwa kuma in ban bi su ba sai a yi ta maganar aiki babu ni. Na gaji da riƙe lemo mai zaƙi awa uku. Sun ce akwai giya marar barasa, shin da gaske babu komai a cikinta? 'Yarka, H.

Lafiya lau 'yata. Amsar a taƙaice, ki karanta lambar kar ki karanta sunan. A ƙasashe da yawa, Jamus da Amurka na ciki, ana iya kiran abu marar barasa alhali yana da har kashi 0.5 cikin ɗari. Wadda aka rubuta 0.0 ita ce ta sauka ƙasa sosai, yawanci ƙasa da 0.05. Dalili kuwa yadda ake yinta ne, wasu sai sun dafa giya cikakkiya sannan su cire barasar ta hanyar ɗumamawa a ƙarƙashin injin zuƙe iska ko tacewa, wasu kuma tun farko suke tsayar da yis kafin yayi nisa, ko su yi amfani da irin yis ɗin da baya iya cin yawancin sukarin. Ko ta wace hanya asalinta daga tukunyar giya ta fito. Baki faɗa min dalilinki na ƙin sha ba kuma ba sai kin faɗa ba, amma in na addini ne to wannan bayanin ki kai wa wanda kike ɗaukar fatawa a wurinsa, ni ba fagena bane, in juna biyu ne ko magani ki tambayi likita, in kuma mutum ya taɓa fama da shaye-shaye ya daina to ni shawarata ya nisance ta gaba ɗaya, don ƙamshi da ɗanɗanon kaɗai na iya tayar da tsohon ciwo.

Abin da zai fi miki sauƙi akwai abin da ake kira ruwan hof, ruwa ne mai iska da aka jiƙa furen a ciki, ba hatsi ba yis ba sukari, yana da ɗan ɗaci da ƙamshin lemun tsami. Kombuca kuma, wato wani abin sha da ake yi da shayi, ki yi hankali da ita, tsimammiya ce, takan ɗauki ɗan barasa. Duk wanda zaki sha ki nemi na gwangwani ko kwalba a buɗe a gabanki, kinga kin karanta da idonki, sannan dama marar barasa tafi aminci a rufe fiye da a famfo tunda babu barasar da zata hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a tiyo.

Harkar ta girma fa yanzu, akwai kamfanoni irin Athletic Brewing na Amurka da aka kafa a 2017 da ba abin da suke yi sai marar barasa. Kuma ki ce wa abokan aikin naki wani lokacin ke zaki zaɓi wurin zuwa, ba kullum su ba.

TAMBAYA TA HUƊU

Kawu wai me ma ake nufi da kiraf ɗin nan? Naga wata kwalba mai zanen gemu da keke kamar ta 'yan ƙaramin kamfani, da na duba ƙasa sai naga sunan wani katafaren kamfani. Kuma me yasa kofi biyu kawai na sha naji kamar na sha biyar? Daga B. mai karatu.

B., ka yi ido. Babu wata doka ɗaya ta duniya da ta fayyace kalmar. Wadda aka fi ambata ita ce ta Brewers Association, sun ce kamfani ya zama baya wuce ganga miliyan 6 a shekara, ganga ɗaya kusan lita 117 kenan, kuma kada wani babban kamfanin barasa ya mallaki kashi 25 ko fiye na hannun jarinsa. Miliyan 6 fa, kaga ƙanƙantar tasu ma da sauƙi. A 2017 suka fito da wani tambari na kwalba a kife da masu cin gashin kansu ke sakawa a jikin kayansu, amma na Amurka ne, wasu ƙasashen na da nasu.

Tarihin a gurguje, a ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a duk Amurka basu kai ɗari ba, manya sun haɗiye ƙanana. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa a gidansa, daga cikin masu dafawa a gareji ne aka samu irin su Sierra Nevada da ta fara a 1980, yau kuma ana maganar sama da 9,000. Japan ma sai a 1994 da aka rage mafi ƙarancin abin da kamfani zai dafa kafin a bashi lasisi daga kilolita 2,000 zuwa 60 sannan ƙanana suka samu shiga. Da manyan suka ga kasuwa na zamewa sai suka bi ta hanya biyu, ko su ƙirƙiro nasu mai kama da na ƙanana, Blue Moon misali tun 1995 ta gidan Coors ce, ko su saye waɗanda suka yi suna, Anheuser-Busch ta sayi Goose Island a 2011, Heineken ta sayi rabin Lagunitas a 2015 ta ƙarasa sauran a 2017. Wannan bai sa giyar ta zama marar kyau ba, wasu ma har yanzu da daɗinsu, amma yana da amfani ka sani in kana auna mashaya, domin zaka iya ganin famfo goma sha biyu da sunaye goma sha biyu alhali duk daga mota ɗaya aka sauke su. A Ingila ma daɗaɗɗen abu ne, akwai mashayar da ke ɗaure da kamfani guda dole kayansa zata sayar, akwai kuma mai 'yanci da ke saye inda ta ga dama, ta biyun ita ce tafi yiwuwa ka samu abin mamaki a cikinta.

Maganar kofi biyu kuwa lissafi ne. Barasar da ke cikin laga ta yau da kullum tana tsakanin kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari, IPA na kai 6 zuwa 7, mai ninki biyu 8 zuwa 9, wasu baƙaƙen da aka tsima a ganga har 12 suna wucewa, kusan ƙarfin ruwan inabi kenan, kuma zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace na rufe ƙarfin baka ji sai ka miƙe tsaye. Babban kofin Ingila mililita 568 ne, in ka cika shi da mai kashi 8 ka sha barasa zalla mililita 45, daidai da kofi biyu na mai kashi 4. To biyun ka huɗu ne, ba ka yi nisa da biyar ɗin da ka ji ba. Shi yasa wuraren da suka san aiki ke zuba masu ƙarfin a ƙaramin kofi, ba rowa bace. Ka duba lambar a allo kafin ka nuna, ka nemi rabi ko sulusi, ka sa ruwa a tsakani, kar ka sha da yunwa, mota kuma ka barta a gida tunda dama wuraren da na kwatanta wa Matafiyi yawanci kusa da tasha suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a farkon 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce bashi da illa ga lafiya, kuma bata ware ta ƙananan kamfanoni ba.

Wanda ya turo tambaya a kan yadda ake dafawa a gida, wasiƙarka ta iso, sai mako mai zuwa don tana buƙatar fili nata.